Wace kotu ce za ta ji ƙarar kayan intanet?

Mai shago a Titin Bauchi da ke Jos ya ga injin niƙa a shafin wani kamfani na Legas, ya tura kuɗi ta banki, aka aiko masa da mataccen inji. Shin Babbar Kotun Jihar Filato na da hurumin kiran wannan kamfani?

Ganin shafin a wayarsa kaɗai bai isa ba. Abin da kotunan Najeriya ke dubawa a rikicin ciniki shi ne inda aka ƙulla yarjejeniyar, ko inda ya kamata a cika ta, ko inda wanda ake ƙara yake zaune ko yake kasuwanci. In an yi alkawarin sauke kaya a Jos, to mai saye na da hujja mai ƙarfi. Sai dai sammacin da zai tsallaka wata jiha dole a rubuta masa shaidar hakan a jikinsa, a kuma ba kamfanin aƙalla kwana 30 ya bayyana. Ƙararraki da dama sun rushe a kan wannan kaɗai, abin takaici ga talakan da ya riga ya biya lauya.

A Amurka ma, a kan irin wannan tambaya, shari'ar kamfanin Zippo ta 1997 ta bambanta shafin da ke tallata kaya kawai da wanda ke karɓar oda da kuɗi daga mutanen wata jiha. Na biyun ana iya jansa kotu can.

A adana rasit da hoton shafin, domin Dokar Shaida ta 2011 ta amince da bayanan kwamfuta. A kuma karanta sharuɗɗan shafin kafin biya: mai yiwuwa an riga an zaɓi kotun Legas a cikinsu.