Ƙofar da Ake Buɗewa da Kati

A zamanin fataucin Gwanja, in ayari ya iso Salaga daga Kano ko Katsina, falke ba ya kwana da kayansa a kasuwa. Wurin mai gida yake sauka, a shigar da kanwa da tufafi ɗakin ajiya har a gama cinikin goro. Mai gida ya san wanda zai tsaya a zaure, da wanda zai wuce ciki, da wanda ba ya kusantar kaya bayan isha'i. Ƙofar kati da ake gani yau a bankuna da otal-otal wannan sanin ne aka ɗebe daga kan mutum aka zuba a na'ura. Wani ɗan ƙasar Nowe, Tor Sørnes, ya ƙirƙiro makullin kati na otal a 1975, katinsa na roba ne mai huda-huda.

Mutanen Yendi da Bawku a arewacin Ghana ba baƙin kati ba ne. Sun san katin e-zwich da Babban Bankin Ghana ya fito da shi a 2008, ga kuma Ghana Card a aljihu. Katin ƙofa na yau danginsu ne. Babu batir a cikinsa, sai siririyar waya a naɗe da 'yar ƙwayar lantarki. Da an kai shi kusa da na'urar karatu, sai ya sami wuta daga igiyar rediyon da take fitarwa, ya faɗi lambarsa.

Na'urar da ke jikin bango 'yar aike ce kawai. Hukunci yana wurin akwatin sarrafawa, kuma wajibi ne akwatin ya zauna daga ciki, inda hannun baƙo ba ya kaiwa. Akwai masu araha da suka haɗa karatu da hukunci a abu ɗaya a waje. Ban yarda da su ba a ƙofar da ake tsaron dukiya, domin wanda ya kwance su da sukuddireba ya haɗa waya biyu ya riga ya shiga.

Saitin kansa rubuta jerin sunaye ne. A tsohon tsarin Wiegand mai ɗigo 26, kowane kati yana ɗauke da lambar gida daga 0 zuwa 255, da lambar mutum har 65,535. Mai saiti zai ɗaura kowace lamba a kan suna, sannan ya raba mutane rukuni-rukuni. A asibiti, misali, mai shara ya shiga ofis daga shida zuwa takwas na safe, ma'aikacin jinya na dare ya buɗe ɗakinsa har asuba, ɗakin ajiyar magani kuwa mutum uku kacal. A daidaita agogon akwatin, a canza kalmar sirrin da ya zo da ita daga kamfani. Idan kati ya ɓata, ba sai an fasa kwaɗo ba, goge lambar ake yi. Amma sai an sami mai gogewa. Sau da yawa ma'aikaci ya bar aiki shekara guda, katinsa na nan yana buɗe ƙofa, don ba a ɗora wa kowa alhakin kula da jerin ba. Bayanan shiga da fita kuma sirrin mutane ne, Dokar Kare Bayanai ta Ghana ta 2012 ta hau kansu.

Kati ma suna suka tara. Mai kilohaz 125 lambarsa a fili take, ana kwafarsa cikin daƙiƙoƙi. MIFARE Classic mai megahaz 13.56 yana da kulle na sirri, amma masu bincike a Jami'ar Radboud ta ƙasar Holan sun nuna yadda ake karya shi a 2008. DESFire ya fi su aminci, ya kuma fi su tsada.

Inda arewacin Ghana ke da nata zance shi ne wuta. Duk wanda ya ga shekarun dumsor, na yawan ɗaukewar wuta, ya san ba a gina tsaro a kan cewa lantarki ba zai ɗauke ba. Makullin maganaɗisu, wanda matsakaicinsa ke riƙe nauyin kilo 280, wuta ce ƙarfinsa, tana ɗaukewa ƙofa ta saki. Wani nau'in kuma a kulle yake zama in babu wuta. Ƙofar da jama'a za su bi su tsira in gobara ta tashi dole ta saki, kuma a sa mata maɓallin fita daga ciki. Ɗakin kuɗi ko na magani ya zauna a kulle daga waje, da makullin hannu a ajiye wurin amintacce. Kuskure a nan ko dai ya jawo sata, ko ya ci rai.

Batir ne ke cike giɓin, sai dai zafin Bawku a watan Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40, yana rage masa kwana. Ƙurar hunturu tana taruwa a fuskar maganaɗisu ta rage riƙonsa, tsawar damina kuma tana bin doguwar waya ta ƙone akwati in ba a sa masa kariya ba. Saboda haka kafin a sallami mai haɗawa, a kashe wutar ginin gaba ɗaya a gabansa, a bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya da kati a hannu, daga waje da kuma daga ciki.