Kumburin Jijiyar Saifa

Maigida da uwargida, ku saurara. Jijiyar da ke kai wa saifa jini takan yi rauni, ta kumbura kamar salka. Wannan dabam yake da saifar zazzaɓi. Ya fi samun matan da suka haihu da yawa, kuma sau da yawa sai hoton asibiti ke nuna shi.

Yanzu ba lalle a tsaga ciki ba. Likita yakan zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya, ya toshe kumburin da 'yan murɗaɗɗun wayoyi. Galibi saifa takan tsira.

Amma in ya fashe, rai yana cikin haɗari. Mai juna biyu ta ji ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ko ta suma, kada ku tsaya jiƙo ko ƙaho. Ku kai ta babban asibiti nan da nan.