Yadda tsagewar duwatsu ke shafar rijiyoyin man fetur

Mutane da dama na zaton cewa ɗanyen mai yana kwance ne a ƙarƙashin ƙasa kamar tafki. Ba haka lamarin yake ba.

Man fetur da iskar gas suna maƙale ne a cikin ƙananan ramuka na jikin dutse, kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Idan ramukan ba su haɗu da juna ba, man ba ya motsi komai yawansa, kuma kamfanin da ya kashe miliyoyin daloli wajen haƙa rijiya zai tashi a tutar babu.

A nan ne tsagar da ke jikin dutse take da muhimmanci, domin ita ce hanyar da man ke bi ya isa rijiya.

Misalin Iran da Iraƙi

A kudu maso yammacin Iran, inda aka fara samun mai a Masjid Sulaiman a shekarar 1908, akasarin man yana cikin wani dutsen farar ƙasa ne da ake kira Asmari. Dutsen ba ya barin mai ya ratsa shi cikin sauƙi. To amma motsin ƙasar da ya tayar da tsaunukan Zagros ya lanƙwasa shi, ya kuma tsattsage shi, abin da ya sa rijiya guda kan iya bayar da dubban gangunan mai a kowace rana.

Abin da ya hana man tserewa shi ne wani kauri na gishiri da ke bisa dutsen. Shi gishiri idan aka matsa shi yakan lanƙwashe ne maimakon ya tsage, don haka ya zama murfi.

Inda murfin ya tsage kuwa, sai arzikin ya riƙa yoyo. Wutar nan ta Baba Gurgur da ke kusa da Kirkuk a Iraƙi, wadda ta daɗe tana ci, iskar gas ce ke fitowa ta cikin tsagar duwatsu. A kusa da ita ne aka haƙa rijiyar da ta yi ambaliyar mai a 1927.

Akwai ma wuraren da tsagar ita kaɗai ce ma'ajiya. Filin mai na Bach Ho a gaɓar tekun Biyetnam yana cikin dutse ne mai tauri irin wanda ake fasawa a yi tsakuwa, wanda a da ba a ko kallonsa wajen neman mai. An kuma samu irin wannan a yankin Bongor na ƙasar Chadi.

Matsalar ruwa

Sai dai hanyar da mai ke bi, ita ce ruwa ma yake bi, kuma ya fi man sauri.

Idan aka matsa wajen zuƙo mai, ruwan gishirin da ke ƙarƙashinsa kan biyo tsagar ya shiga rijiya, ya bar mai mai yawa a maƙale cikin dutse. Shi ya sa irin waɗannan rijiyoyi kan fara da ƙarfi, sannan su ja baya cikin hanzari.

Hakan ta faru a filin Lancaster da ke yamma da tsibiran Shetland na Birtaniya. Kamfanin Hurricane Energy ya fara fitar da mai a can a 2019, amma ruwa ya yi ta ƙaruwa, har a 2020 kamfanin ya rage ƙiyasin man da ya ce yana da shi ƙwarai da gaske, hannayen jarinsa kuma suka faɗi.

Babbar wahalar ita ce tsagar ba ta cika bayyana ba a na'urorin da ke auna ƙasa daga sama, wasu kuma ma'adinai sun toshe su sun koma katanga. Saboda haka injiniyoyi kan zura na'urar ɗaukar hoto cikin rijiya, sannan su karkata haƙar ta tafi a kwance, domin ta ratsa tsaga da yawa, tunda akasarinsu a tsaye suke.