Ƙunshin Gahawar Da Ya Iso Mana Seru



Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce, wani ƙanena, ɗan baffana, wanda ke aiki a wani gidan gahawa a birnin Riyad, ya aiko wa mahaifinmu tsaraba ta hannun wani mai dawowa daga Umra. A cikin kayan akwai dabino, akwai turare, sai kuma wani ɗan ƙunshi mai nauyin giram 250. Malam ya jujjuya shi a zaure, ya ga rubutun boko ne, sai ya miƙo mini ya ce in karanta. Na karanta masa: ƙasa Habasha, yanki Yirgacefe, tudun gonar mita 1,900, an wanke ƙwayar kafin shanya, ga kuma ranar da aka soya ta. Da na lissafa masa kuɗin da ke manne a jiki, na ce ya haura jika goma na sefa, sai ya ajiye tasbaharsa ya dube ni.

"Kai, wannan kuwa magani ne?"

Na ce, "A'a Malam, kafe ne."

Ya yi shiru, kana ya ce ai kafe dala ashirin ne a tashar Jugu. Wannan magana tasa ce ta sa na zauna na bi diddigin lamarin, domin yaron nan da gumin wannan sana'a yake ciyar da mahaifiyarsa, kuma samari da dama a unguwarmu sun fara tambayar yadda za su bi sawunsa.

Mu fara da wanda muka sani. Duk wanda ya taɓa kwana a tashar mota a Jugu ko Paraku ya san mai shayi. Tun kafin kiran assalatu ya hura wuta, ya ɗora tukunya, ya jera gwangwanayen madara da na Nescafé kamar hasumiya, ya shimfiɗa burodi da kiret ɗin ƙwai. Direbobin manyan motoci masu zuwa Malanbil, da 'yan zem, da 'yan dako na kasuwar Arzeke (wadda sunanta ma bai ɓoye wa Bahaushe ma'anarsa ba), duk a bencinsa suke karya kumallo. Ba ya rufewa sai dare ya raba. Ribarsa a ƙwayar sukari take da bakin cokali, shi ya sa idonsa ba ya barin hannun yaronsa. Yana da littafin bashi wanda ya fi aljihunsa nauyi. Abin da yake zubawa a kofi kuwa gari ne da aka riga aka dafa a masana'anta aka busar, dabarar da kamfanin Nestlé ya fitar kasuwa a 1938, kuma yana da masana'antar yin sa a Abijan. Akasarin irin wannan gari daga gahawar da ake kira robusta yake, mai ɗaci da ƙarfi, irin wadda ake nomawa a Kodebuwa da kuma tsaunukan Kpalime da Badu a Togo.

Mu nan ƙasarmu ba ta gahawa ba ce. Jugu ba ta kai mita 500 bisa teku ba, ga rani mai tsawo, ga hunturu mai busar da ganye. Irin da ake kira arabika, wanda ke cikin ƙunshin Malam, yana son tudu mai sanyi, daga mita 1,000 zuwa sama da 2,000, kamar tsaunukan Habasha da Yaman, ko tudun Mambila a jihar Taraba ta Najeriya. Namu abin wartsakewar goro ne, kuma da shi garinmu ya yi suna. Ta Nikki da Paraku da Jugu ayarin fataken Kano da Sakkwato ke bi da jakunansu zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, su sauke kanwa da tufafi da fatu, su ɗauko goro. Zangunan da muke zaune a ciki yau ragowar wannan fatauci ne. Abin sha'awa shi ne sinadarin da ke kore barci a cikin goro shi ne dai ke cikin gahawa. Kakanninmu da suka iya bambanta goron da zai kai Kano lafiya da wanda zai ruɓe a hanya, su riƙa kwance huhu suna tsince mai tsutsa suna sake ganye, da sun ga ma'aikatan gahawa na yau da sun gane 'yan'uwansu ne.

Tambaya ta biyu da Malam ya yi ita ce ta malamai: mene ne asalinta, kuma me magabata suka ce? A nan na sami abin da ya faranta masa rai. Itacen daga Habasha yake, amma waɗanda aka fara sani da dafa ƙwayar su sha su ne sufayen Yaman a ƙarni na 15, domin su sami ƙarfin raya dare da zikiri. Ana ambaton Shaihu Zabhani na Adan cikin na farkonsu. Daga nan ta shiga Makka da Alƙahira. A shekarar 1511 wani hakimin Makka mai suna Khair Beg ya tara malamai da likitoci aka hana shan ta, amma hanin bai daɗe ba, don hukumar Alƙahira ba ta goyi bayan haramta abin shan kansa ba. Wajen 1558 Abdulƙadir al-Jaziri ya wallafa littafinsa Umdatus Safwa, inda ya kawo tarihinta da hujjojin halaccinta. Daga tashar jirgin ruwa ta Mokha a Yaman Turawa suka riƙa saye, har suka saci iri suka kai Jawa da ƙasashen Amurka ta Kudu. Yau Birazil ce kan gaba a noman ta, Biyetnam na biye.

To, me ya raba ƙunshin jika goma da kofin dala ashirin? Aiki ne, ya 'yan'uwa, aikin hannu mai cin rai, daga farko har ƙarshe.

Itacen gahawa sai ya shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya. 'Ya'yan ba sa nuna lokaci ɗaya. A reshe guda za ka ga kore da ruwan ɗorawa da ja. Mai noman kasuwar gama-gari zuge reshen yake yi gaba ɗaya. Mai neman zaɓaɓɓiya kuwa jajayen kaɗai yake tsinka, ɗaya bayan ɗaya, ya koma wa itace guda sau da yawa a kaka ɗaya. Kafin rana ta faɗi dole ya kai abin da ya tsinka wurin wanki, don in ya kwana a buhu zai fara tsami. A can ake zuba su a ruwa, waɗanda suka taso sama a kwashe a ware, a ɓare sauran, a jiƙa kwana ɗaya ko biyu har yauƙin ya saki, a wanke, sannan a baza a kan gadajen shanya masu ƙafafu, ba a ƙasa ba. Mako biyu ko kusa da haka mata na tsaye a gefen gadajen nan suna juyawa, suna tsince mai huda da baƙa da fasasshiya, suna rufewa in rana ta take ko hadari ya taso, har damshin ƙwayar ya sauko tsakanin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Sai an tsinki kilo biyar zuwa shida na 'ya'ya kafin a sami kilo ɗaya na ƙwaya. Wajen suya kuma, cikin minti goma da 'yan kai a wuta mai zafin kusan digiri 200, wani kashi 15 zuwa 20 na nauyin ya sake tafiya.

Sai kuma alƙalanci, wanda shi ne ya fi ba ni mamaki. A wannan sana'a akwai mutanen da aikinsu ɗanɗano ne kawai. Ana ɗibar giram 350 na ɗanyar ƙwaya a baza a tebur a ƙirga aibobinta. In aka sami babban aibi ko guda ɗaya, kamar baƙar ƙwaya ko mai tsami, ta faɗi. In ta tsallake, sai a soya kaɗan, a niƙa, a jera kofuna biyar, kowanne giram 8.25 na gari da mililita 150 na ruwan zafi. Bayan minti huɗu mai ɗanɗano ya sunkuya ya ture kumfar da cokali yana shaƙa, sannan ya zuƙi ruwan da ƙara, ya juya a baki, ya tofar. Kofuna biyar ɗin hikimarsu ita ce, in ƙwaya ɗaya ruɓaɓɓiya ta ɓuya a cikin kaya, za ta tona kanta a ɗayansu. Ana ba da maki bisa ɗari, kuma wadda ta kai 80 ita ake kira ta musamman. Wata 'yar kasuwa a Amurka, Erna Knutsen, ita ta fara amfani da wannan suna a 1974. Ƙungiyar masu sana'ar ta duniya, SCA, ta sauya tsarin awonta a 2024, amma a bakin masu saye da sayarwa har gobe maki 80 ne iyaka.

Na tambayi ƙanen nawa ta waya yadda yake yi da azumi, tunda kowace safiya sai ya ɗanɗani abin da injinsa ya fitar kafin ya ba baƙo. Mun dai san a mazhabarmu ta Malikiyya ɗanɗana abu ga mai azumi makaruhi ne ko da zai tofar. Ya ce a Ramadan shagon ba ya buɗewa sai bayan shan ruwa, su yi ta aiki har kusan sahur, don haka wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi tsayuwa ce. Yana tsaye wunin aikinsa duka, yana auna giram 18 a sikeli, yana duba agogo don ruwan ya ratsa garin cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. In ya wuce ya yi ɗaci, in ya gaza ya yi tsami, a zubar a sake. Shekararsa ta farko wanke-wanke da goge tebur kawai ya yi, kuma rabin albashinsa na tafiya wajen biyan bashin wanda ya yi masa hanya. Samarin da ke ganin hotonsa sanye da riga mai tsabta a Facebook, wannan ɓangaren ba ya fitowa a hoto. Duk wanda zai tafi, ya tafi da takardar aiki da ya karanta ya fahimta, kuma iyaye su daina sayar da gona a kan alkawarin baki.

Kada kuma a zaci jika goman nan aljihun manomi take shiga. Farashin arabika a kasuwar Niyok ya faɗi ƙasa da dalar Amurka ɗaya a kan laba a 2019, abin da bai biya wa manoma da yawa kuɗin aikinsu ba. A watan Fabrairun 2025 kuma, sakamakon fari a Birazil, ya haura dala huɗu a karon farko. Manomi na tsakanin waɗannan hawa da sauka kamar kara a bakin ruwa. Amfanin zaɓaɓɓiyar gahawa gare shi shi ne tana fitar da kayansa daga tarin da ba a san mai shi ba, a saya da sunan ƙauyensa. Misalin da aka fi sani shi ne na Mukhtar Alkhanshali, ɗan asalin Yaman da ya tashi a San Faransisko, wanda ya koma ya koya wa manoman tsaunuka tsinkar ja zalla. Da yaƙi ya ɓarke a 2015 ya tsere da samfurinsa cikin ƙaramin jirgin ruwa daga Mokha zuwa Jibuti, kuma a 2016 aka sayar da kofi ɗaya na gahawar a kan dala 16 a Amurka.

A nan ne zancen ya dawo gida. Ba mu da gahawa, amma muna da yazawa, wadda muke kira akaju, kuma ita ma ana yi mata irin wannan alƙalanci. Babban mai saye yakan ɗebi kilo ɗaya, ya ƙirga ƙwayoyin, ya tsaga kowacce da almakashi, ya auna lafiyayyen cikin, da wannan yake yanke farashin lodin duka. Amma a ƙauye me muke yi? Ana kaɗo wadda ba ta faɗo da kanta ba, ana ɗura ta da damshi a buhun leda maimakon na algarara, wani ma har ya haɗa da ta bara. Mai sayen ƙauye ya san haka, saboda haka yake yi wa kowa farashi ɗaya, na mai ha'inci, kuma shi ma sikelinsa Allah kaɗai ya san gaskiyarsa. Wanda ya shanya tasa kwana uku ya tsince ta, shi ke biyan laifin maƙwabcinsa. Limamanmu suna karanta Suratul Muɗaffifina a sallar magariba, kuma a ganina watan Maris, lokacin da sikeli ke yawo gida-gida, ya fi kowane wata dacewa a yi tafsirinta a huɗuba. Da manoman unguwa goma za su haɗa kai su ware mai kyau daban, su sa a gwada a gabansu, da sun sami bakin magana.

Wata kalma ga iyaye mata, tunda mujallar ta iyali ce. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta bayyana a 2015 cewa baligi lafiyayye kada ya wuce miligiram 400 na wannan sinadari a yini, wato kamar kofi huɗu, mai juna biyu kuwa rabin haka. Goro da shayi ma suna cikin lissafin. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ƙwayar taramol da wasu samari masu aikin ƙarfi ke narkawa a cikin kafe. Mai shayi na kirki ba ya yarda a yi haka a bencinsa, kuma ya kamata uba ya san teburin da ɗansa ke zama.

Ƙunshin kuwa, mun buɗe shi ranar wata Juma'a bayan la'asar. Ba mu da injin niƙa, sai Inna ta wanke ƙaramin turminta na yaji ta daka mana, tana mitar cewa wata guda miyarta za ta yi ƙanshin kafe. Na gayyato mai shayin bakin masallaci, wanda ya haura shekara ashirin a sana'ar. Na tace da tsabtataccen ƙyalle, na hana a sa madara. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya ce wannan ai kamar an matsa lemun tsami a shayi ne, sannan ya tambaye ni kofi nawa ƙunshin zai yi. Na ce kamar goma sha shida. Ya yi lissafi da yatsu, ya girgiza kai, ya ce a tasha ba mai saye, amma in ba shi ragowar garin zai gwada wa wani direba ɗan Agadas da ya san abin sha.

Malam ya shanye nasa har ƙasa, ya sa wa yaron albarka, ya ce a rubuta masa cewa saƙo ya iso. Daga nan ya laluba aljihu ya fito da farin goro, ya ɓare, ya miƙa wa mai shayi rabi.