Hirar Fim Mai Ƙarshe da Hirar Mai Dogon Zango

Bahaushe ba ya kallon fim ya yi shiru da bakinsa. Tun zamanin sinimomin Kano na da, su Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado, rabin daɗin fim ɗin Indiya a hanyar komawa gida yake, inda wanda bai san ko kalma ɗaya ta Indiyanci ba zai dage yana fassara wa abokinsa abin da bos ya faɗa wa jarumi kafin a kaure da faɗa. Wannan hali yana nan bai gushe ba. Abin da ya sauya shi ne tambayar da ake buɗe hirar da ita. A da cewa ake yi, "Ka ga fim kaza?" Yanzu kuwa sai ka ji, "Ka ga na wannan makon?" Tambayoyin sun yi kama, amma hirar da kowacce ke haifarwa daban take, kuma ya kamata a ɗora su a sikeli.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. Daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, har zuwa shekaru ashirin da 'yan kai bayansa, fim ɗin Hausa haja ce da ake saye a hannu, da farko a kaset, daga baya a faifai, kuma Kasuwar Ƙofar Wambai ce cibiyar cinikin. Satar fasaha da masu tura fim a waya kan kuɗi ƙalilan suka karya wannan kasuwa. Ana cikin haka tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta zo da Daɗin Kowa, sai Kwana Casa'in da Gidan Badamasi a 2019. Da zaman kullen korona ya zo a 2020, ya tarar da mutane a gida da waya a hannu, Izzar So da Labarina suka samu fili. Tun daga nan furodusoshi suka karkata ga fim mai dogon zango, a talabijin ko a YouTube, fim guda mai farko da ƙarshe kuma ya koma na sinima da lokutan sallah.

Bambanci na farko yana ga abin da mai magana ya riƙe a hannunsa lokacin da zai buɗe baki. Wanda ya kalli fim guda ya ga komai. Ya san inda aka ɗaura labarin, ya san inda aka kwance shi, don haka idan ya ce ƙarshen bai dace da farkon ba, hujjarsa a cike take. Waɗanda suka kalli Wasila a shekarar 2000 sun yi musu a kan matar auren da ta ci amanar mijinta, wasu na ganin sakayyar da ta samu ta yi daidai, wasu na ganin fim ɗin ya fi ba da ƙarfi ga nuna laifin fiye da nuna nadamar. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, magana ake yi a kan abin da ya riga ya kammala. Ba wanda zai ce maka ka dakata tukuna, ba ka san abin da zai biyo baya ba.

Mai kallon dogon zango ba shi da wannan gata. Abin da ke hannunsa guntu ne, sauran yana wurin marubuci da darakta, wani lokacin ma ba a ɗauke shi ba tukuna. Shi ya sa hirarsa ta fi karkata ga hasashe: wa ya sace wance, wane ne ainihin uban wane, shin auren nan zai yiwu kuwa. Kamar mai ɗanɗana miya ne tana kan wuta, yana iya cewa gishiri ya yi kaɗan, amma ba ya iya rantsuwa a kan yadda za ta sauka. Wannan rauni ne idan hukunci ake nema. Idan kuwa daɗin hira ake nema, ƙarfi ne, domin hasashe ba ya ƙarewa, kuma kowa yana da damar ya ci gari. Wanda maganarsa ta tabbata zai shigo majalisa mako mai zuwa yana cewa, "Mutumina, ban gaya maka ba?" Fim guda ba ya ba kowa wannan nasara.

Sai batun lokaci. Hira tana son mutane su ga abu tare, ko aƙalla kusa da juna. A nan dogon zango ya yi zarra. Labarina ya mayar da daren Juma'a lokacin da aka sani, Izzar So ya kama Lahadi, kuma da gari ya waye maganar tana bakin mai shayi, tana shagon tela, tana ɗakin malamai a makaranta, tana tsakar gida wurin wanke-wanke. Wanda ke Maraɗi, da wanda ke zangon Kumasi, da wadda ke aure a Jidda, duk a sa'a ɗaya suka gani, don haka idan 'yar'uwa ta kira 'yar'uwarta, bayan gaisuwa da tambayar yara sai a gangaro kan shirin. Fim guda ya taɓa samun irin wannan haɗin kai, amma a hankali: kaset ɗaya yakan zaga layi gida-gida, ana aiken yara karɓowa, har sai unguwa ta gama gani. Yau ba shi da wannan hanya. Lokacin da aka haska Mansoor na Ali Nuhu a 2017 a sinimar da ke Ado Bayero Mall, ko Mati a Zazzau a farkon 2020, an yi ta zancensu, amma masu zancen waɗanda ke birni ne, masu kuɗin tikiti, masu damar fita. Kafin fim ɗin ya iso wayar mutumin Ɗambatta, na Kano sun daɗe da wucewa wata maganar.

Sai dai shiga hirar ma tana da farashi, kuma a nan sikelin ya rinjaya ɗaya gefen. Awa biyu sun ishi mutum ya kalli fim guda ya zauna a yi da shi, bakinsa daidai da na kowa. Wanda ya makara a shirin da ya kai zango na shida ko na bakwai kuwa, bashin sa'o'i masu yawa ne a kansa, ga kuɗin data, ga caji. Da yawa sukan haƙura su zama 'yan sauraro, ko su riƙa tsintar labarin a bakin wasu suna yanke hukunci a kan abin da ba su gani ba.

Bambancin da ya fi jan hankalina shi ne wanda ake magana a kansa. Idan aka gama fim guda, fitila ta kawo ko aka zare faifai, mai kallo yakan dawo hayyacinsa ya tuna cewa aikin wasu mutane ne ya gani. Shi ya sa ake jin sunan darakta da kamfani a hirar: wane ya iya ba da umarni, kamfani kaza ba sa wasa da hoto, wannan labarin daga fim ɗin Indiya aka ɗauko shi. Dogon zango kuwa yana shiga gida ya zauna, mako bayan mako, har mutanen cikinsa su zama kamar maƙwabta. Ba a cika cewa marubuci ya rubuta wance da son kai ba. Abin da za ka ji shi ne, "Wallahi Yaya, yarinyar nan ba ta kyauta ba," da ɓacin rai na gaske, kamar a gidansu abin ya faru. Har a laƙabin 'yan wasa ana ganin wannan. A zamanin kaset sunan fim ne yake manne wa mutum, aka samu Rukayya Dawayya da Sadiya Gyale. A zamanin dogon zango sunan da aka fito da shi a labari ne yake shafe na yanka: Kamaye, Adama, Malam Nata'ala, Presdo, Baba Ɗan Audu. Mutane da yawa ba za su iya gaya maka cewa Rabi'u Rikadawa ya daɗe yana wasan kwaikwayo kafin Baba Ɗan Audu ba.

Kada dai a ɗauka hirar zamanin kaset ta masana ce. Ba haka ba ne. Mafi yawanta a kan waƙa take, da rawa, da irin ɗinkin da jaruma ta sa, da wa ya fi wa kyau. Sangaya ya shiga bakin duniya ne saboda waƙarsa kafin labarinsa. Mujallu irin su Tauraruwa, da Fim wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, sun buɗe shafuka ga ra'ayin masu kallo, kuma abin da ya fi cika su shi ne yabon taurari da ƙorafi a kan tarbiyya. Haka nan fim ɗin da muke kira guda ba kullum yake guda ba, domin 'yan kasuwa sun saba yanka shi gida biyu, na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na uku da na huɗu, a tsaya daidai inda rai ya fi so. Dabarar rataye mai kallo ta girmi YouTube.

Akwai kuma tambayar ko maganar tana isa kunnen masu shirin. Ra'ayi a kan fim guda yakan zo bayan an gama aiki. Ko an yaba ko an kushe, ba abin da zai canja a cikinsa, sai dai darakta ya ɗauki darasi don gaba. Dogon zango ana haska shi ana ci gaba da ɗaukar wani, kuma kuɗin da ke shigowa ya dogara da yawan masu kallo da tallace-tallace, saboda haka furodusa ba ya iya toshe kunnensa. Da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, makomar Sumayya, wadda take fitowa a matsayinta, ta zama abin muhawara a ko'ina, da Fati Washa ta hau matsayin kuma aka buɗe sabon musu a kan wadda ta fi dacewa. Daraktan shirin, Aminu Saira, daga baya ya ɗauko sabon labari gaba ɗaya, da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara. Mai kallo a irin wannan yanayi yana jin yana da hannun jari a shirin, kuma yana da gaskiya. Amma wannan kusanci yana da illarsa. Marubucin da ya san wane ne jama'a ke so zai yi nauyin hannu wajen kashe shi ko da labari ya buƙaci hakan, kuma shirin da ke kawo kuɗi ba a son rufe shi. Daga nan ake samun ja: fitowa guda ta wuce ba abin da ya faru sai shiga mota da fita mota da doguwar gaisuwa a falo. Masu kallo suna ƙorafin wannan ja fiye da komai, amma kuma su ne suke dawowa mako mai zuwa, dawowarsu ce take tabbatar wa furodusa cewa jan yana biya.

Hujja mafi ƙarfi da dogon zango ke da ita ita ce yawan abin da yake ba mutane damar faɗa. Daɗin Kowa ya kwashe shekaru yana taɓo almajirci, shaye-shaye, halin 'yan gudun hijira, da zaman Musulmi da Kirista a gari ɗaya, kuma domin a hankali yake tafiya, iyali kan samu lokacin tauna kowace matsala. Kwana Casa'in ya ƙirƙiri jihar Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, sai ga mutane suna zancen maguɗin zaɓe da sayen 'yan jarida da lalacewar asibitin gwamnati a fili, suna kiran sunan Alfawa alhali kowa ya san inda aka dosa. Uwar da ba za ta iya yi wa 'yarta wata magana kai tsaye ba takan yi ta a kan wata yarinya ta cikin shiri, 'yar kuma ta gane. Fim na awa biyu yana iya buɗe irin wannan ƙofa, amma ba ya iya riƙe ta a buɗe tsawon shekara.

Ta fuskar dawwama kuma, fim guda ya fi zama a rai da siffarsa. Wanda ya ga Wasila ko Sangaya yana iya ba ka labarin daga farko zuwa ƙarshe bayan shekara ashirin, ya kuma faɗi ra'ayinsa a jimla biyu. Tambayi mai bin dogon zango abin da ya faru a tsakiyar zango na uku, sai ya tuna fuskoki da wasu maganganu, zaren kuwa ya kuɓuce masa.

Idan aka tara duka, ni a ganina dogon zango ya ci gasar hira, kuma ba da ƙaramin rata ba: ya fi tara mutane, ya fi shiga gidaje, ya fi ba mata da na nesa wurin zama a cikin zancen. Amma yawancin abin da ake yi a kansa zancen mutanen cikin labari ne, ba auna aikin ba, kuma masana'antar da ke son gyara tana buƙatar masu auna aiki. Wannan aunawa sai da ƙarshe take yiwuwa, domin a nan ne ake gane ko marubuci ya san inda ya nufa tun farko ko kuwa laluben hanya yake yi tare da mu. Saboda haka idan aka ce in zaɓi ra'ayin da zan dogara da shi kafin in ba fim lokacina, zan ɗauki na wanda ya ga ƙarshen abin da yake magana a kai. Mai bin dogon zango ma yana iya kaiwa ga wannan matsayi, amma sai ranar da aka rufe labarin, kuma furodusoshi kaɗan ne suke yarda su rufe shi tun jama'a ba su gaji ba.