Salaga, kasuwar goro ta ƙasar Gwanja

Salaga gari ne a arewacin ƙasar Gana, tsakanin birnin Tamale da tafkin Bolta. Hausawa suna kiran wannan yanki Gwanja. Masu ƙasar su ne Gwanjawa, kuma sarkinsu na wannan gefe yana zaune a Kpembe, dab da Salaga. A yau garin ba shi da girma ƙwarai. Amma a da, sunansa ya kai Kano da Katsina da Sakkwato.

Me ya ɗaukaka Salaga? Goro ne. Itacen goro ba ya yi a ƙasar Hausa, don yana son ruwan sama mai yawa da inuwar kurmi. A kurmin Asante yake yi. Su kuwa Hausawa ba su biki ko suna sai da goro. Sarakunan Asante ba su barin baƙin ƴan kasuwa su shiga kurminsu. Saboda haka mutanen Asante sukan ɗauko goro a ka, su kawo shi Salaga. Nan fatake suke tarar da su.

Fatake sukan taso cikin ayari. Shugaban ayari shi ne madugu, mai nuna hanya kuwa jagaba. Sukan ɗora wa jakuna kanwa da tufafin rini da kayan fata da busasshiyar albasa. Su ƙetare kogin Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Sansanin Mango da Yendi, kana su sauka Salaga. Tafiyar takan ci watanni. A hanya akwai ƴan fashi, akwai kuma sarakuna masu karɓar kuɗin fito. Wajen komowa sai a naɗe goro cikin ganye, a riƙa yayyafa masa ruwa, ana tsince wanda ya lalace. In an yi sakaci, dukiya ta hallaka.

Ba goro kaɗai aka sayar a Salaga ba. An sayar da mutane. Akan kamo maza da mata da yara daga arewa, a ɗaure su a kasuwa. Waɗansu a kai su Asante, waɗansu bakin teku, daga can a tsallaka da su Amurka. Har yau akwai wani wuri kusa da garin da ake kira Wankan Bayi, inda ake yi musu wanka kafin a kai su kasuwa. Mutane suna zuwa ganinsa don kada a manta da wannan zalunci.

Garin yana da ƙarancin ruwa da rani. Don haka aka haƙa rijiyoyi masu ɗimbin yawa, waɗansu suna nan har yanzu. Wani Bafaranshe mai suna Binger ya ziyarci Salaga a shekara ta 1888, ya rubuta labarin kasuwarta.

A shekara ta 1874 Ingilishi suka ci Asante da yaƙi, suka ƙone Kumasi. Daga nan hanyar goro ta fara sakewa. A shekara ta 1892 kuma yaƙin basasa ya tashi a kan sarautar Kpembe. Kasuwa ta watse. Mutane suka gudu Yeji da Kintampo da Kete-Karachi da Akara. Cikin waɗanda suka bar garin har da babban malami Alhaji Umaru. An haife shi a Kano a shekara ta 1858, ya rasu a Kete-Karachi a 1934. Ya bar rubuce-rubuce da Larabci da ajami.

Duk inda waɗannan mutane suka sauka, sai su kafa unguwa. Sunanta zango, wato masaukin ayari. Shi ya sa ake jin Hausa a Yendi da Bawku da Kumasi da Akara. Hausarsu ta ɗan bambanta da ta Maraɗi ko Damagaram, amma ana fahimtar juna.

Yanzu mutanen Salaga manoma ne da ƴan kasuwa. Suna noman doya da masara da rogo da gyaɗa. A kudu da garin akwai Makango, a bakin tafkin Bolta, wanda ya samu bayan an gama madatsar ruwan Akosombo a 1965. Daga Makango ake shiga jirgin fito zuwa Yeji. A zangon Salaga har yau in baƙo ya yi sallama da Hausa, da Hausa za a amsa masa.

Tambayoyi
1. A wace ƙasa Salaga take?
2. Don me fatake ba su shiga kurmin Asante da kansu?
3. Wane ne madugu? Wane ne jagaba?
4. Me ya watsa kasuwar Salaga?
5. Nemi Kano da Yendi da Salaga a taswira, ka ja hanyar ayari.