Sayen Gida a Gana: Abin da Ɗan Kasuwa Zai Duba Kafin Ya Ƙirga Kuɗi

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe a Kumasi ko Akra, da zarar jari ya ɗan kama ƙasa, tunanin da ke fara zuwa masa shi ne mallakar gida. Ba laifinsa ba ne. Wanda mai gida ya taɓa tsare shi da maganar kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule ya san daɗin a ce ƙofar nan tawa ce. Sai dai a shekarun da na yi ina kasuwanci a nan, na ga gida ya rufa wa iyali asiri, na kuma ga gida ya cinye jarin mutum ƙarƙaf ya bar shi da zaryar kotu. Bambancin yakan kasance a abin da aka bincika kafin a biya.

Ba ƙasar kake saya ba, shekaru kake saya

Mafi yawan filayen Gana suna hannun sarakunan gargajiya da dangogi. A Kumasi ƙasa tana ƙarƙashin Asantehene, ƙananan sarakuna ne ke kula da ita, kuma takardar rabon fili da sarkin yanki ya ba ka ba ta kammala sai ta bi ta ofishin filaye na fadar Manhyia, sannan ta isa Hukumar Filaye ta ƙasa. Abin da ake ba ka a zahiri hayar dogon zango ce. Ɗan ƙasa yakan sami shekara 99 a filin zama. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa, kundin tsarin mulki na 1992 ya taƙaita shi a shekara 50, sai dai in wa'adi ya cika a nemi sabuntawa.

Saboda haka tambayar farko da nake yi wa mai sayar da gida ita ce: shekara nawa suka rage a takarda? Gidan da aka rubuta wa shekara 99 a 1960, wa'adinsa zai ƙare a 2059. Kada a yi maka kuɗinsa kamar na wanda aka rubuta bara.

Akwai dabarar da 'yan'uwanmu masu fasfo ɗin Najeriya ko Nijar suke yi, su sayi gida da sunan amini ɗan ƙasa don su sami shekara 99. Alhaji, ina roƙonka ka guje ta. Aminin naka yana iya zama mutumin kirki har ƙarshen ransa, amma ran da ya faɗi ya mutu, magadansa takarda za su duba, kuma sunan ubansu ne a kai. Shekara 50 da sunanka ta fi 99 da sunan wani. Dattawan zango ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta bai wa baƙi marasa takardun zama mako biyu su fice. Mutane da yawa sun sayar da dukiyarsu a wulaƙance, wasu ma barinta suka yi. Takardar zamanka da takardar gidanka tare suke tafiya, kowacce ta kasance a gyare.

Bincike kafin kafin-alƙalami

Dillali la'adarsa yake nema, kuma kullum labarinsa ɗaya ne: “Akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe.” To, ya kawo. Kai dai kada sisi ya fita daga aljihunka sai ka yi abu huɗu.

Na ɗaya, karɓi kwafin takardar yarjejeniyar fili, wadda ake kira indenca, da taswirar filin, ka kai Hukumar Filaye a bincika maka sunan wa ke kai, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai shari'a a kansa. Lauyanka ne zai yi wannan, ba lauyan mai sayarwa ba.

Na biyu, ɗauko safiyo mai lasisi ya auna, a tabbatar filin da ke takarda shi ne wanda ƙafarka take kai, kuma bai shiga hanya ko magudanar ruwa ba.

Na uku, zauna da maƙwabta da mai unguwa. Tsohuwar da ke sayar da koko a bakin layi ta san tarihin gidan fiye da kowace takarda.

Na huɗu, ka san su wa ke da haƙƙi. Galibin tsofaffin gidajen Nima, Sabon Zango da Aboabo na gado ne. Ɗa guda ba ya sayar da gidan mutum goma sha biyar. A nuna maka takardar kotu ta kula da gadon, magada kuma su sa hannu, har da matan da ke aure a wani gari da wanda ke ci-rani a Turai. Haka nan dokar filaye ta 2020 ta ce abin da miji da mata suka saya tare a zaman aure, ɗaya ba ya sayarwa sai da rubutaccen izinin ɗayan. Ka tambayi matar gidan, ba rashin kunya ba ne.

Idan fili ne babu gini, a ƙara hattara, musamman a bayan garin Akra, inda ake sayar da fili ɗaya ga mutum uku, ƙarti 'yan tsaron fili kuma su hana ka sauke ko bulo ɗaya. Dokar 2020 ta haramta wannan sana'a, ta tanadi ɗauri ga su da masu ɗaukarsu haya. Kada kai ma ka ɗauko naka. Kuɗi kuwa a biya ta banki, a gaban lauya, a biya kuɗin hatimi, a yi rajista da sunanka ba tare da jinkiri ba.

Je ka ga gidan da damina

Fenti maƙaryaci ne. Gidan da ka gani fes a watan Janairu, koma ka gan shi a watan Yuni. Mutanen Akra ba za su manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya da gobara suka haɗu a shataletalen Kwame Nkrumah, aka rasa rayuka sama da 150. Duk gidan da ke kusa da babban lambatun Nima, ko kogin Odaw, ko rafin Aboabo a Kumasi, ka duba gindin bangonsa. Ruwa yana barin sa hannunsa, ko an shafe yakan fito. Araha ba ta ado.

Gyara: daga sama zuwa ƙasa

Yawancinmu da tayil da ƙofar ƙarfe mai ƙyalli muke farawa, domin su ido ke gani. Tsarin da ya fi shi ne a fara da rufi: kwano da katakon da ke ƙarƙashinsa, a duba ko gara ta ci. Daga nan wayarin, domin tsohuwar waya da aka ɗora wa firiji da dutsen guga goma ita ce uwar gobara. Sai ruwa da banɗaki da sokawe. Filasta da fenti su ne na ƙarshe.

Kayan aiki ka saya da kanka. Magini da kafinta a biya su mataki-mataki, aiki ya kai wuri kaza a ba da kaza, a rubuce. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kasafinka saboda abin da zai ɓullo, don tsohon gida ba a san cikinsa sai an fasa. Idan za ka ƙara ɗaki ko ka ɗora bene, nemi izinin gini daga majalisar yankinku, injiniya kuma ya duba ko harsashin zai ɗauka. Mai yawan tafiya Legas ko Lome ya sa Hajiya ko babban ɗa su riƙa leƙawa kullum. Hoton WhatsApp ba ya nuna yawan simintin da aka zuba.

Haya: yi lissafi kamar na shago

A ƙaddara gida ya ci maka sidi 600,000 har da gyara, ɗaki takwas, kowanne sidi 300 a wata. A shekara sidi 28,800 ke nan, wato sai an haura shekara 20 kafin uwar kuɗi ta dawo. Ba a cire harajin haya na kashi 8 cikin 100 a gidan zama ba (na shago kashi 15 ne), ba a cire harajin gini na majalisa da kuɗin ƙasa na shekara-shekara ba, balle gyare-gyare. Ga kuma faɗuwar darajar kuɗi: a Disamba 2022 hauhawar farashi a Gana ta wuce kashi 50 cikin 100. Gida ma'ajiya ce da rufin asiri, ba ya juyawa kamar atamfa ko goro. Da rarar riba ake sayensa, jarin shago a bar shi a shago.

Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba. Kowa ya san ana karɓar na shekara biyu, amma hakan saɓa doka ne, kuma ko ta fuskar riba kai ke cutuwa: ka cinye kuɗin a wata uku, ka zauna wata ashirin da ɗaya kana gyaran famfo daga aljihunka, farashi kuma ya tafi ya bar ka.

A rubuta yarjejeniya, a riƙa ba da rasit, ko da ɗan hayan ƙanen matarka ne, domin sabo da kaza ba ya hana yanka. A fayyace wa zai kwashe sokawe, wa zai biya ruwa, mutum nawa za su zauna. In da hali, kowane ɗaki da mitarsa ta wuta, rabin faɗan gidan haya ya ƙare ke nan. Wanda ya ƙi biya, a kai magana ofishin kula da haya, in ta ƙi a je kotu. Yaye kwano ko garƙame ƙofa kai zai mayar mai laifi.

Abu na ƙarshe, takardun nan kada su zama sirrinka kai kaɗai. Matarka da manyan 'ya'yanka su san inda suke, su san lauyan, su san shekarar da wa'adi zai cika. A ajiye kwafi ɗaya a nan, ɗaya a gida wajen wanda aka yarda da shi. Domin su ka yi wahalar, kada su wayi gari suna neman takarda a cikin buhunan shago. Allah ya ba kowa muhalli mai albarka.